Babi na Shida: 'Yan Sufurin da Suka So Cin Gado

A Abuja ba wanda ya mallaki ƙasa. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita, ta sa ƙasar yankin baki ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Attajirin da ya gina katafaren gida a Maitama ko Asokoro, takardar da ke hannunsa ba ta ce filin nasa ne har abada ba. Izinin zama ce na shekara 99, bisa sharaɗin zai riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Mutane da yawa sun jefa takardar a durowa, sharaɗin kuma ya bi ruwa. A watan Maris na 2025 Hukumar Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta sanar da soke takardun filaye 4,794 waɗanda masu riƙe da su suka haura shekara 10 ba su biya ba. Ranar 26 ga Mayu jami'ai suka fito suka fara garƙame gine-gine, har da Wadata Plaza, hedkwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, da wani ofishi na hukumar tara haraji ta tarayya. Sai da Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14.

Siyasar da ke cikin lamarin an yi ta musu a kanta, ba ita ce damuwata a nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutum kan daɗe a wuri har ya manta wurin yana da mai shi. Ba a dare ɗaya ake mantawa ba. Bana ba a biya ba, ba wanda ya zo. Baɗi ma haka. Kafin ka ankara, ranar da ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa, shi ne ya zama baƙo mai neman fitina.

A kan irin wannan mantuwa Yesu ya yi ɗaya daga cikin misalansa na ƙarshe, kuma mafi zafi. Yana cikin Matiyu sura 21, da Markus sura 12, da Luka sura 20. Har a Linjilar Toma, wadda ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, aka kuma tono ta a Nag Hammadi ta ƙasar Masar a 1945, akwai shi a taƙaice.

Makon Idin Ƙetarewa ne, Urushalima ta cika maƙil. Yesu ya riga ya shiga Haikali ya kifar da teburan 'yan canji. Da ya komo, sai manyan firistoci da malaman Attaura da dattawan jama'a suka tare shi, suna so ya faɗa musu wanda ya ba shi izinin abin da yake yi. Shi ma ya jefa musu tasa tambayar game da baftismar Yahaya, ko daga Allah take ko daga mutum. Suka ƙi amsawa, don kowace amsa tana da ƙaya. A nan ne ya kawo labarin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: maganar izini ce ta haifi misalin, kuma masu riƙe da makullan Haikali ne a tsaye gabansa.

Wani mai hali ya sari fili ya dasa inabi. Bai rage komai ba: ya yi danga, ya sassaƙa wurin matsa, ya ta da ɗakin gadi mai tsawo. Sa'an nan ya ba wasu manoma sufuri, ya yi tafiya mai nisa. Da kaka ta yi ya aiko bawansa ya karɓo galla, wato rabon mai gona. Suka lakaɗa masa duka, suka sallame shi hannu wofi. Ya aiko wani, suka yi masa rotsi. Ya sāke aiko wani, suka kashe shi. Haka aka yi ta yi har ya rage masa mutum ɗaya, ɗansa, ya aike shi da zaton za su ji kunyarsa. Su kuwa da suka hango shi sai suka ga dama ta samu, tunda magajin ne da kansa: in ya mutu, gonar ta zama tasu. Suka kashe shi. Masu Linjila sun ɗan bambanta wajen ba da labarin. A wurin Luka bayi uku ne, ba a kuma kashe ko ɗaya cikinsu ba sai ɗan. A wurin Matiyu ƙungiya biyu aka aiko, ta biyu ta fi ta farko yawa. Markus ya ce kashe ɗan suka yi sa'an nan suka jefar da gawar waje, Matiyu da Luka kuma suka ce fitar da shi aka fara yi. Amma ƙashin labarin ɗaya ne.

Manomin ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan lissafin waɗannan mutane. Mun san yadda gonar aro take rikiɗa ta koma gonar gado. Shi ya sa mai gona mai wayo, ko da ɗan'uwansa ya ara wa, yakan karɓi ko dami ɗaya ne duk kaka, ba don yunwa ba, sai don unguwa ta shaida. Shi ya sa kuma a wurare da yawa ba a yarda ɗan aro ya dasa itace. Damin nan da ake kai wa mai gona shi ne bakin da ke cewa gonar ba tawa ba ce. Manoman misalin ba 'yan kwandunan inabi suke ƙyashi ba. Biyan galla amsawa ce cewa akwai wani a bisansu, wannan amsar ce suka ƙi.

Sai dai akwai wani gefen da bai kamata a tsallake ba, musamman a wannan birni. Garki, Wuse, Jabi, Maitama, Asokoro, duk sunayen ƙauyuka ne kafin su zama unguwanni. Gbagyi da Koro da Gade da Bassa da Gwandara da Ganagana suna noma wannan ƙasa tun ba a yi mafarkin Abuja ba. Dattijon da aka tayar daga gonar kakanninsa aka kai shi Kubwa ko Apo, ko magidancin da katafila ta bi ta kan ɗakinsa a Karmo lokacin rusau na 2003 zuwa 2007, in ya ji labarin wani mai takarda da ke zaune nesa yana aiko yara karɓar rabo, ba lalle zuciyarsa ta bi mai gonar ba. Talakawan Galili ma haka. Akwai wasiƙu na ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, waɗanda ake kira takardun Zenon, da ke nuna Afoloniyus, ministan kuɗin sarkin Masar, yana da gandun inabi a Galili, wakilansa suna kai da kawo, suna ja-in-ja da manoma kan abin da za a biya. Wasu masana na zamaninmu har sun karanta misalin a matsayin labarin boren talakawa.

Ban bi su ba, saboda dalili biyu. Na farko, wannan mai gonar ba ƙwace ya yi ba, da hannunsa ya dasa. Na biyu, duba waɗanda ake gaya wa labarin. Manyan firistocin Urushalima ba 'yan ƙodago ba ne, su ne masu gandaye. Masu haƙar tarihi, ƙarƙashin Nahman Avigad, sun tono gidajensu a tsohon birnin bayan 1967: manyan zauruka, daɓe mai ado, wuraren wanka. Da Yesu ya fara labarin, a kujerar mai gona suka zaunar da kansu, domin sun san zafin ɗan sufurin da ya ƙi biya. A Matiyu, da ya tambaye su abin da ya kamaci waɗannan manoma, su da bakinsu suka yanke hukunci: a hallaka su, a ba wasu gonar. Sai bayan maganar ta fita suka ga inda aka zaunar da su. Dabarar da annabi Natan ya yi wa Sarki Dawuda ke nan da labarin 'yar tunkiyar matalauci. Dukan masu Linjilar uku sun ce shugabannin sun gane da su ake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya sa suka gane da wuri shi ne Ishaya. Duk Bayahuden da ya je makaranta ya san waƙar gonar inabi da ke sura 5 ta littafinsa, wadda ta girmi Yesu da shekara fiye da 700. Can ma akwai mai gonar da ya yi wa gonarsa komai, har da hasumiya da wurin matsa, amma ta ba shi 'ya'ya masu tsami. Annabin ya fassara da kansa: gonar jama'ar Isra'ila ce, amfanin da Allah ya sa rai a kai adalci ne da gaskiya, abin da ya tarar kuwa zub da jini ne da kukan waɗanda aka zalunta. Nan take kuma ya juya kan masu haɗa gida da gida, gona da gona, har talaka ya rasa wurin sa ƙafa. Yesu ya ɗauko tsohuwar waƙar ya canja mata abu ɗaya tak. A wurinsa itacen bai gaza ba, ya yi 'ya'ya. Waɗanda aka ba tsaro ne suka tare hanya tsakanin gonar da mai ita. Laifin ya tashi daga kan jama'a ya sauka kan shugabanni.

Ba kuma Yesu kaɗai ya yi wannan kuka ba. A zamaninsa gwamnan Roma ne ke naɗa babban firist ya kuma tuɓe shi, har rigar aikinsa ma a sansanin soja ake ajiye ta sai lokacin idi. Hanana ya riƙe muƙamin daga wajen shekara ta 6 zuwa ta 15, surukinsa Kayafa ya riƙe daga ta 18 zuwa ta 36, 'ya'yan Hanana biyar kuma duk sun hau kujerar. Yosifus, marubucin tarihi wanda shi kansa daga gidan firistoci ya fito, ya ba da labarin yadda 'yan shekaru kafin Romawa su rushe Haikali a shekara ta 70 manyan firistoci ke aika barorinsu masussuka su kwashe zakkar da ta kamaci ƙananan firistoci, har wasu matalauta cikinsu suka mutu da yunwa. Talmud, littafin malaman Yahudawa, ya adana wani koke kan gidaje huɗu na manyan firistoci, har da gidan Hanana: uba ne babba, 'ya'ya ne ma'aji, surukai ne masu kula, barori kuma suna jibgar mutane da sanduna.

Bayin da aka aiko kuwa annabawa ne, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a tarihinsu shi ne hannun da ya taɓa su. Wanda ya sa aka doki Irmiya aka sa shi a turu, Fashur ne, firist, babban jami'in Haikali. Zakariya ɗan Yehoyada a farfajiyar Haikali aka jajjefe shi, bisa umarnin Sarki Yowash. Wanda ya mari Mikaiya a gaban Sarki Ahab annabi ne ɗan'uwansa, ɗaya daga cikin wajen 400 da ke gaya wa sarki abin da yake son ji. Amos kuma, makiyayi daga Tekowa, Amaziya firist ɗin Betel ne ya kai ƙararsa fada, sa'an nan ya ce masa ya koma garinsu ya nemi tuwonsa can, domin wannan wurin sujada na sarki ne. Ga firist da bakinsa yana faɗin wanda yake yi wa aiki.

Da yake maganar a fili take haka, abin baƙin ciki ne yadda ikilisiya ta yi ɗaruruwan shekaru tana kau da ita daga kanta. An ɗauki ayar Matiyu da ke cewa za a karɓe mulkin a ba wata al'umma mai ba da amfani, aka mai da ita hujjar cewa Allah ya yar da Yahudawa gaba ɗaya. Wannan karatun ya sha jini a Turai. Sai a 1965 Cocin Katolika, a taron Batikan na biyu, ya fito fili ya ce ba daidai ba ne a ɗora wa Yahudawa duka alhakin mutuwar Yesu. Alhali labarin da kansa bai bar wurin wannan kuskure ba: ba a sare gonar ba, masu tsaro aka canja. Yesu Bayahude ne, almajiransa Yahudawa ne, taron da ke sauraronsa da murna a ranar ma Yahudawa ne.

Mu a nan Yahudawa ba su ne a gabanmu ba, amma hali ɗaya ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kiristan Abuja yana da raunuka na gaske. Ba wanda zai manta da safiyar Kirsimeti ta 2011 a cocin Santa Teresa da ke Madalla, ko matar da aka kashe a Kubwa a 2016 tana wa'azin asuba. Mai wa'azin da ya hau bagade ya ga kalmar duka da kisa a nassi, da sauƙi hankalinsa ya tafi can. Akwai ayoyi da yawa da ke magana kan tsanani daga waje, suna kuma ta'azantar da mu. Wannan ba ya cikinsu. Masu kisa a wannan labari ba katanga suka hauro ba, mai gona ne ya miƙa musu makulli.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ciwo a nasu gidan. Tun kafin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kokawa da malaman da ya kira miyagu, masu halatta wa sarakuna zalunci don abin da za su samu. Ƙanensa Abdullahi kuwa, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar da suka yi jihadi tare, sai ya bar rundunar ya nufi gabas, har Kanawa suka tsayar da shi. Musulmi ba ya karɓar abin da Kirista ke nufi da ɗan da ke cikin misalin, wannan sananne ne. Amma zancen amana da cin amana, da al'ummar da ke ƙin manzannin da aka aiko mata, ba baƙo ba ne a kunnensa.

To, mu dawo gida. Abuja birnin manyan majami'u ne. Cibiyar Kirista ta Ƙasa tana tsakiyar gari, an keɓe ta a 2005 bayan ginin ya yi shekaru a tsaye. A hanyar filin jirgin sama akwai Glory Dome, wadda aka buɗe a 2018, aka ce tana ɗaukar mutum 100,000. Ban ambace su don zargi ba. Hasumiya da danga ba laifi ba ne, mai gonar ne ma ya gina su. Sai dai ba su ya aiko a karɓo masa ba. Kuma a nan ne na fi jin ciwon yadda ake juya misalin. Na sha jin an karanta shi ranar godiyar kaka, aka fuskanci masu zaman benci aka ce su ne manoman, gallar da suka hana Allah kuwa zakka ce da baiko. Wato an ɗauki bulalar da aka yanko domin masu bagade, an miƙa wa masu bagade su zane jama'a da ita. In Ishaya ne mai fassara, gallar da ake bin shugaba ita ce a tambaye shi yadda gwauruwa ta kwana a ikilisiyarsa, da maraya, da ɗan gudun hijirar Gwoza da ke zaune a Durumi ko Kuchingoro.

Ɗan aike na yau ba ya zuwa da rigar gashin raƙumi. Duk wanda ya daɗe a ikilisiya ya ga irinsa. Taron shekara ne bayan sujada, rana ta take, yara suna kuka, kowa na so ya tafi gida. Ma'aji ya karanto lissafi da sauri, jimla kawai. Sai wata 'yar Zumuntar Mata, mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ta ɗaga hannu. Ta gyara ɗankwali, ta rusuna.

"Baba, a gafarce ni. Kuɗin kwanon da muka tara tun bara waccan, har yanzu ruwa na dukanmu. Ko za a gaya mana inda aka kwana?"

Wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Mama, zauna, ba nan ake wannan maganar ba." Aka rufe da addu'a. Ba wanda ya taɓa ta da hannu. Amma Lahadi mai zuwa wa'azi ya sauka kan ruhun tawaye, aka jawo ayar Zabura 105 da ke hana taɓa shafaffu na Ubangiji, kowa kuma ya san inda aka dosa. Ayar nan kuwa, in ka karanta abin da ke gabanta, kan su Ibrahim da iyalinsu take magana, 'yan tsiraru baƙi masu yawo a ƙasar wasu, Allah yana kāre su daga sarakuna. Garkuwar marasa ƙarfi ce. Bayan wata biyu an cire matar daga kwamiti. In ƙaramin fasto ne ya yi tambayar, sai takardar canjin wurin aiki ta same shi, zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. In magatakarda ne, a sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, amma wanda ya riga ya ɗauki gonar tasa ce, ko gaisuwar ɗan aike zagi yake jin ta.

Tarihin ikilisiya cike yake da manyan irin wannan. Majalisar coci ce ta yanke wa Jan Hus hukunci a 1415, aka ƙone shi, bayan ya yi shekaru yana sukar cinikin muƙamai da takardun gafara. A nan ƙasar, Garrick Braide na Bakana a yankin Neja Delta ya yi wa'azi har dubban mutane suka bar giya da gumaka. Kuɗin da gwamnatin mulkin mallaka ke samu daga harajin barasa ya shiga haɗari, shugabannin cocin da suka yi maraba da shi da fari suka juya masa baya, aka ɗaure shi a 1916, ya rasu a 1918.

Sai maganar gado, wadda ita ce zuciyar misalin. Ikilisiyoyi da yawa a ƙasar nan an yi musu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda hedkwatarta ke Maitama, da sunan amintattu. Kalmar tana da kyau. Amma a wurare da dama in ka duba sunayen, mai kafawa ne da matarsa da ɗansa, irin jerin nan da Talmud ya koka a kai. A 2016 hukumar da ke sa ido kan rahoton kuɗi ta fito da ƙa'idar da ta sa wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba iyakar shekara 20 a kan kujera. A Janairun 2017 Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wa cocin Redeemed shugaba na Nijeriya, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idar. A 2020 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya buɗe hanyar dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙo in an sami almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta ce ba ta yarda ba.

Na fahimci tsoron, ina ma da rabo a cikinsa. Gwamnati ba ita ce mai gonar ba, kuma gwamnatin da ke iya tuɓe shugaban coci yau tana iya yin haka gobe don ya faɗi abin da ba ta so. Wanda ya tuna rigar babban firist a sansanin Romawa ba zai yi wasa da wannan ba. Amma in mun ce Kaisar, wato gwamnati, ba zai duba littafinmu ba, wa zai duba? Da a ce ranar da muka ƙi dokar mun fito da namu tsarin, kowace ikilisiya ta manna lissafinta a ƙofa, a kawo mai bincike wanda ba fasto ne ya zaɓe shi ba, a rubuta ranar saukar shugaba tun ranar hawansa, da bakinmu ya yi nauyi. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan, irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, suna da zaɓe da wa'adi da majalisun dattawa, wannan kuwa gado ne mai daraja. Sai dai duk wanda ya ga yadda ake kamun ƙafa da jawo ƙabila gab da zaɓen gunduma ya san tsari kaɗai ba ya tsare zuciya.

Ba na so mai karatu ya rufe wannan babi yana ganin kowane mai farin kwala ɓarawo ne. Mafi yawan fastocin da ke wa'azi da Hausa a Nyanya da Karu da Gwagwa da Mpape da ƙauyukan Kuje da Kwali, albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Suna noma, matansu suna saƙa da ƙananan sana'o'i, su ne kuma ake tasa tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Waɗannan su ne ƙananan firistocin da ake kwashe wa rabo a masussuka. Kuma babban muƙami bai hana mutum zama ɗan aike ba. Janani Luwum babban bishop ne na Uganda sa'ad da shi da 'yan'uwansa bishop-bishop suka rubuta wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe a Fabrairun 1977. Cikin kwanaki aka kashe shi, gwamnati ta ce haɗarin mota ne.

Akwai abu ɗaya cikin labarin da hankali ba ya ɗauka, shi ne halin mai gonar. Wane uba ne za a kashe masa bayi, sa'an nan ya aika ɗansa tilo ba dogari ba makami? Yana da iko ya kai ƙara, yana da iko ya zo da mayaƙa tun aike na biyu. Bai yi ba. Kowane ɗan aike da ya tura wata dama ce ya ba manoman su dawo 'yan sufuri, a ci gaba da zama. Su kuma suka karanta haƙurinsa a matsayin rauni, ko ma alamar ya mutu. A ganina wannan ne ainihin ciwon shugaban addinin da ya lalace. Yana ambaton Allah safe da yamma, amma lissafinsa na yau da kullum lissafin wanda ya tabbata ba mai zuwa ne. Yesu kuwa da yake faɗin wannan ya san matsayinsa a labarin, ya san kuma kwana nawa suka rage. Duk da haka bai tsaya kan gawar da aka yar bayan danga ba. Ya jawo Zabura 118, wadda mahajjata ke rerawa a wannan idi, inda aka yi zancen dutsen da magina suka raina, ya kuma zama shi ne ya riƙe ginin. Magina su ne gwanaye, su aka ba aikin zaɓen dutse, su ne kuma suka kuskure. Bayan 'yan makonni Bitrus, mai kamun kifi, ya tsaya gaban Hanana da Kayafa ya maimaita musu wannan aya.

A ranar da Yesu ya ba da misalin dai, shugabannin sun so su kama shi nan take. Abin da ya hana su ba tsoron Allah ba ne, masu Linjila sun faɗa a fili, tsoron jama'a ne, don jama'a sun ɗauke shi annabi. Ina ganin masu zaman benci ba su cika lura da wannan ba. Muddin taron yana tsaye kewaye da shi da rana tsaka, hannu bai iya kai masa ba, sai da aka nemi dare da wurin da ba kowa, da kuma mutum ɗaya daga cikin na kusa da shi. Matar nan mai ƙosai, da mutum goma sun ɗaga hannu tare da ita, da an karanto lissafin kwanon.

Da kamun Yesu ya gagara, sai shugabannin suka koma suka yi shawara, suka aiko masa da wasu Farisiyawa tare da mutanen Hirudus, waɗanda a kullum ba sa ga maciji da juna. Suka fara da yabo, sa'an nan suka tambaye shi ko halal ne a biya Kaisar haraji. Wannan tambayar, da tsabar kuɗin da ya ce a miƙo masa, su ne babi na gaba.